Bencin da Na Yi wa Makarantar Ruga

Bencin farko da na yi wa Gidauniya, ƙungiyarmu ta taimakon makarantu, na katakon malaina ne, mai cin yara uku, haɗe da teburinsa, da ɗan kanta a ƙarƙashin teburin inda yaro zai tura littafi. Kwana biyu na yi a kansa. Yanzu matasan da suka karɓi aikin Gidauniya daga hannunmu sukan buga waya wurin mai injin yanka katako, su ce a yi musu benci talatin na 'yan aji ɗaya, kafin mako ya zagayo an sauke musu. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya gama kwalejin Gidan Waya bara, ya ce da ni cikin raha wai benci ai katako ne da ƙusa, ko shi zai iya idan aka ba shi guduma. Ban yi masa musu ba. Shi da abokansa nake rubuta wa wannan, tunda sun nemi kowane tsohon ɗan Gidauniya ya rubuta abin da ya sani na tarihinta. Abin da na sani shi ne benci, kuma a cikin tarihin bencin akwai wani wuri da tsofaffinmu suke tsallakewa saboda suna ganin girmana. Ni ba zan tsallake shi ba.

Sunana Danladi. Na koyi kafinta a wurin Oga Ishaya, a wata rumfa kusa da tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Ya yi aikin reluwe kafin ya buɗe rumfarsa, kuma ya taho da halin reluwe gaba ɗaya: komai da awo, komai da lokacinsa. A shekarata ta farko ban taɓa zarto ba sai don in wasa masa haƙora da magagari. Aikina shi ne miƙe tsofaffin ƙusoshi a kan wani guntun ƙarfen dogo, da jera katako a inuwa, ana sa ƙananan sanduna tsakanin kowane biyu don iska ta ratsa. Ɗanyen katako yana da nauyi da sanyi a tafin hannu. Idan ka yi benci da shi, bayan wata biyu zai murɗe, ƙafa ɗaya ta bar ƙasa. Oga Ishaya ba ya bayani sau biyu. Yakan ɗaga katako, ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ya miƙo mini in ƙwanƙwasa, sannan ya tambaye ni ko ya bushe. Idan na kuskure, ni zan mayar da shi kan tari.

A shekara ta uku aka kawo masa aikin bencin wata makarantar coci. Na ɗauko tef da fensir, na tambaye shi inci nawa za mu yanka. Ya karɓe tef ɗin ya sa a aljihu, ya ba ni karan dawa guda shida da wuƙa, ya ce in tafi makarantar. A kowane aji in nemi yaro mafi ƙanƙanta da yaro mafi girma. In zaunar da kowannensu, in tsayar da kara daga ƙasa zuwa bayan gwiwarsa in yanke. Wannan ne tsayin mazauni. In auna kaurin cinyarsa, don kada kantan littafi ya danne ta. In auna daga mazauni zuwa gwiwar hannunsa, wannan ne tsayin tebur. Na ce ai akwai awon da kowa ke bi, yana nan a rubuce a bangon rumfa. Ya dube ni da irin Hausarsa ta mutanenmu ya ce, "Yarinya ne zai zauna, ba bango ba. Tafi."

Sauran sana'ar hannu ne ke koyonta. Bencin makaranta ba kujerar falo ba ne. Yara suna jan sa, suna hawa kansa su share yanar gizo-gizo, suna lilo da shi idan malami ya juya baya. Wanda aka haɗa da ƙusa kaɗai ba ya wuce zango ɗaya. Sai ka fafe rami da kurfi a jikin ƙafar, ka sassaƙa harshe a bakin sandar da za ta shiga, ka sa gam, ka buga, sannan ƙusa ta biyo baya a matsayin mai gadi. Kowane gefe sai ka kashe masa kaifi da filen goge katako, in ba haka ba zai yaga rigar makaranta, uwar yaron kuma ta san rumfarka. Ƙafafu huɗun sai ka tsoma su cikin baƙin mai, saboda yawancin azuzuwanmu daɓen ƙasa ne, gara kuma a ƙasar nan ba ta jira. Na yi hulɗa da hedimastan da ya ce in ɗaga benci sosai wai yara za su girma su same shi, da ɗan kwangilar da ya ce in yi da farin katako in shafe da fenti mai kauri ba wanda zai gane. Na ƙi su duka biyu, kuma na daɗe ina ba da labarin da alfahari.

Gidauniya ta fara ne da rufin kwano. Iskar farkon damina ta kwashe rufin azuzuwa biyu a wata firamare da ke bakin gari, yara suka yi makonni ana tara su a gindin mangwaro, ruwa na zuwa a sallame su. Mama Rifkatu, wadda ta yi shekaru tana shugabancin makarantar kafin ta yi ritaya, ita ce ta bi gida gida. Zaman farko mu bakwai ne: ita, da tsofaffin ma'aikatan reluwe biyu, da fasto, da Alhaji Garba mai sayar da kwano a kasuwa, da wani magini, da ni. Ta kafa ƙa'ida ɗaya tun ranar: ba a biyan kowa, kowa ya kawo abin da hannunsa ya iya. Alhaji Garba ya kawo kwano da motarsa a-kori-kura, na kafa rafta, matan zumuntar coci suka dafa mana abinci. Da aka gama, sai muka shiga ajin muka ga yaran a zaune a ƙasa, wasu a kan bulo, wasu a kan buhun taki. Mama ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ba za ta mutu ta bar yaro yana rubutu a kan gwiwarsa ba. Daga nan taken Gidauniya ya fito, wanda har yau yake jikin kyallenku: ba yaron da zai zauna a ƙasa.

Muna zama Asabar ta farko a kowane wata. Hedimastoci suka fara aiko mana takarda daga Manchok, daga ƙauyukan Samaru Kataf, daga wuraren da ban taɓa takawa ba. Ofishin ilimi yakan nuna mana makarantar da ta fi bukata, mu kuma mu je mu gani da idonmu. Manoman citta sukan ba da itace daga gonakinsu bayan girbi, teloli suka shigo, wata nas mai ritaya ta fara duba idon yara. Ni kuma duk makarantar da za a yi wa benci, sai na hau mashin na je da karana. Malamai suna yi mini dariya, suna cewa ga mai awon dawa ya zo.

Sai shekarar tashin hankali. Ba zan ba da labarinta ba, duk wanda ya isa karanta wannan ya ji ta a gidansu. Kasuwa ta rufe, makarantu suka zama masaukin waɗanda aka kora daga ƙauyukansu. Na shiga wata firamare na tarar da wata mata tana dafa wa 'ya'yanta abinci da ƙafar bencina. Da ni ne haka zan yi. A shekarar na yi akwatin gawa fiye da benci, ɗaya daga ciki na ɗan ƙanena ne. Zaman Gidauniya ya tsaya. Da aka dawo da shi, Alhaji Garba da sauran Musulmin cikinmu ba su zo ba, mu ma ba mu aika a kira su ba.

Bayan damina biyu Mama Rifkatu ta zo mitin da wata takarda. Wani matashi Bafulatani, Malam Sale, wanda ya yi kwalejin Gidan Waya, ya buɗe aji a rugarsu, can bayan wani rafi, tafiyar kusan awa ɗaya a mashin daga titi. Iyaye sun yi rumfar ciyawa, ofishin ilimi ya ba da allo, yara ashirin da 'yan kai suna zuwa, duka aji ɗaya, duka a kan tabarma. Yana roƙon benci. Wani ya ce akwai makarantunmu da ba a gama gyarawa ba. Mama ta tambaye shi su waɗancan makarantun wa ne. Ta ce taken bai ce yaron wane ba, idan kuma za a ƙara masa wannan, a faɗa mata yanzu ta ɗauki jakarta. Aka ɗaga hannu, aikin ya wuce da ƙyar. Da Alhaji Garba ya ji, ya dawo zama da kansa, ya ce motarsa tana nan. Ni na ɗaga hannu tare da masu goyon baya, kuma ni aka ce in je in auna.

Ranar Talata na tafi. Na yanki kara, na ɗaure a bayan mashin, na bar titi na bi hanyar shanu. Na isa rafin wajen ƙarfe goma na safe. Ruwan bai kai gwiwa ba, mashin zai wuce. A ɗaya gefen na hango bukkoki da hayaƙi, da wani mutum tsaye da sanda a kafaɗa yana kallona. Ya ɗaga mini hannu. Na kashe mashin, na zauna a kansa kamar minti goma. Daga nan na juya.

A hanyar dawowa na ce wa kaina aji ɗaya aji ɗaya ne, na yi ɗaruruwansu. Mazauni inci goma sha ɗaya da rabi, tebur inci ashirin, tsakanin mazauni da kantan littafi inci biyar. Da Mama ta leƙo rumfata ta tambaye ni ko na je, na ce na je. Ta ce yaya na same su. Na ce lafiya lau, suna gaishe ta.

Benci takwas na yi, kuma ban taɓa yin aikin da ya fi su kyau ba. Na zaɓi busasshen maɗaci, ba malaina ba. Na goge su har sau uku. Na san dalilin da ya sa nake yi musu wannan hidima, ko da yake a lokacin ban tsaya na kira shi da sunansa ba. Ranar kai su Asabar ce, na ce ina da aikin rufi a Manchok. Mama da Alhaji Garba suka tafi. Asabar ba a karatu, manyan yara suna wurin kiwo da tallan nono, ƙananan da ke gida aka tara aka zaunar, benci ya yi musu daidai, aka ɗauki hoto. Mama ta ce wa Malam Sale ya naɗe tabarmin nan, daga yau ba mai zama a ƙasa. Ardon rugar ya sa aka kai tabarmin masallaci. A mitin na gaba aka tafa mini.

Wata uku bayan haka, ina cikin yanka katako da hantsi, mashin ya tsaya a gaban rumfata da bencina ɗaure a bayansa. Wani siririn saurayi ya sauka, ya kwance igiya, ya sauke bencin a hankali, ya gaishe ni da ladabi ya ce shi ne Sale. Na duba bencin ina neman inda ya karye, babu. Ya ce, "Baba, don Allah ka ɗan zauna a ciki in ga wani abu."

Ni ba dogo ba ne. Na zura ƙafa ɗaya, gwiwata ta bugi kantan. Na karkace na zura ta biyu, na zauna a gefe guda, cinyoyina a matse, ƙirjina a kan tebur. Yusufu mai walda da ke maƙwabtaka da ni ya ɗaga gilashinsa ya kira mutane su zo su ga Baba Danladi ya koma firamare, wai a tambaye ni biyu da biyu. Masu shago suka fito suna dariya. Na yunƙura zan tashi, bencin ya taso tare da ni.

Malam Sale bai yi dariya ba. Ya jira na fita, sannan ya ce, "Haka ƙananan suka yi wa Dije."

Ya zauna ya yi mini bayani. A ruga ba a fara makaranta da shekara shida, ana farawa ne ranar da makaranta ta zo. A ajinsa akwai 'yan shekara biyar, akwai 'yan sha biyu zuwa sha huɗu, su tara, waɗanda suka riga suka iya tatsa da kora garke. A kan tabarma ba a ganin bambanci, kowa ya naɗe ƙafa, manya a baya. Da benci ya zo, manyan ba su shiga ba. Wasu suka zauna a kan tebur, wasu suka tsaya. Dije, 'yar shekara goma sha uku, ita ce ta fi kowa a ajin, ta gama haruffa ta fara haɗa su. Ta dage tana matsa kanta a ciki, tare da ƙanenta da wani ƙaramin yaro. Wata rana ya kira ta ta zo allo, ta tashi, bencin ya taso da ita, yaran biyu suka zube ƙasa, zanenta ya kama a kantan. Ƙananan suka yi ta dariya, suka mayar da abin waƙa, suna bin ta da ita har rijiya. Ba ta sake zuwa ba. Cikin makonni sauran takwas suka bi bayanta ɗaya ɗaya. Ya so ya dawo da tabarma, amma sun zama na masallaci, kuma Mama da bakinta ta ce a naɗe. Ya daɗe yana jin nauyin zuwa ya kushe kyauta.

Sai ya ce, yana kallon ƙasa, ya tambayi Ardo ranar da na zo awo, Ardo bai tuna ba, shi ma bai tuna ba, amma wataƙila ranar suna kasuwa ne. Hanya ya buɗe mini in bi in fita. Yusufu yana tsaye yana ji. Na ce, "Ban zo ba, Malam. Na kai rafi na juya."

Asabar ta farko ta zo bayan kwana huɗu. Bayan addu'ar buɗewa na miƙe na faɗi abin da na yi, daga rafi har ƙaryar da na yi wa Mama a rumfata. Wani daga cikin tsofaffin reluwe ya fara cewa kowa ya san halin da ake ciki a lokacin, kada a ɗora wa mutum ɗaya. Mama ta ɗaga masa hannu. Ta daɗe tana goge tabaronta da bakin zane.

"Danladi," ta ce, "da ka ce mini kana jin tsoro, da na raka ka. Ni ma ina ji. Ranar da muka kai bencin ko karya kumallo ban iya ba." Ta mayar da tabaron. "Kuma ni na ce a naɗe tabarma, ban tambayi kowa ba. Litinin ka zo da mashin. Kai za ka ɗauke ni."

Mun ƙetare rafin ruwa bai taɓa injin ba. Ardo Buba tsoho ne mai farin gemu, ya tarbe mu a gindin ɗorawa, aka shimfiɗa mana buzu, aka kawo fura da nono a ƙwarya. Gaisuwa ta ɗauki lokaci. Ya yaba bencin, ya ce ɗan maraƙi ya shiga rumfar ya tunkuyi ɗaya bai ko motsa ba, ya ce wanda ya yi su ya san aikinsa, Allah ya yi wa hannunsa albarka. Na riƙe ludayin ban iya kai shi baki ba. Mama ta tambaye shi dalilin da ya sa iyaye ba su mayar da manyan yara ba. Ya yi mamakin tambayar.

"Mu ba mu san boko ba, Mama," ya ce. "Da abin ya zo daga gari, daga hannun masu ilimi, muka ga bai ci manya ba, sai muka ce to, haka dokar take. Wanda ya wuce benci ya wuce karatu. Muka ce su koma wurin shanu, kada su tare wa ƙanana wuri."

Na ajiye ludayin na ce masa ba doka ba ce. An aiko ni in auna 'ya'yansa, ban zo ba, na yanka katako da ka. Ba yaran ne suka wuce benci ba, ni ne na gajarta shi. Ya tambaye ni abin da ya hana ni zuwa. Na ce tsoro. Ya gyaɗa kai, ya ce shi ma damina biyu bai shiga kasuwar Kafanchan ba, gishiri ma aike yake yi. Sannan ya ce ya tuna wani mai mashin da ya tsaya a rafi wata Talata, ya ɗaga masa hannu, mutumin ya juya. Ya ɗauka ɓatan hanya ne. "To, yau ka iso," in ji shi. "Sha furarka."

Aka aika kiran yaran. Shida suka zo. Na yanki kara a gonar Ardo na auna maza huɗu, Mama ta auna 'yan mata biyu a bayan bukka ta kawo mini karan. Karan mazauni mafi tsawo ya kai inci goma sha shida, wato inci huɗu da rabi ke nan tsakaninsa da abin da na yanka. Samari biyu sun riga sun bi baffanninsu da garke zuwa kudu, ba a sa ran su sai wata shekara. Dije ta tafi tallan nono. Mahaifiyarta ta nuna ɗaya daga cikin 'yan matan ta ce tsayinsu ɗaya.

Benci biyar na yi, masu cin mutum biyu biyu, na cire kantan daga ƙarƙashi na mayar da shi gefe, na raba tebur da mazauni don kowa ya tashi ba tare da ya ja wani ba. Mako uku suka ɗauke ni, kuma ni na kai su, ranar karatu, na tsaya har kowa ya zauna ya tashi a gabana. Shidan suka dawo. Ɗaya daga cikinsu yanzu yana koyarwa a makarantar, wadda ta zama ginin bulo mai aji shida. Samarin biyu ban sake jin labarinsu ba. Mama ta koma rugar sau biyu saboda Dije. Mahaifinta ya ce ya bar mata zaɓi. Ita kuma ta ce wa Mama ta gode, amma ƙanenta ya riga ya wuce ta a littafi, waƙar kuma ba a manta da ita ba.

Daga wannan aikin ne Gidauniya ta sa ƙa'idar cewa ba a yanka katako sai kafinta ya kawo karan awo gaban mitin, malamin ajin kuma ya shaida cewa ya gan shi. Na ga kun cire ta daga sabon kundinku, an ce tana ɓata lokaci, mai inji ya san awon kowane aji. Ba a gaya muku daga ina ta fito ba, laifin namu ne. Har yanzu akwai ƙauyuka da rugage inda ɗan aji ɗaya ya fi malaminsa tsawo, da yaran da tashin hankali ya cinye musu shekara uku suka dawo suka fara daga farko. Mai inji ba zai gan su ba. Ku mayar da ita.

Dije tana nan. Ta yi aure a wata ruga kusa da tasu, tana kawo nono Kafanchan ranar Litinin da Alhamis, hanyarta kuma ta gaban rumfata take. Ta san ni, Baba mai benci take kirana, ba da wata manufa ba, sunan da aka san ni da shi ke nan a wajensu. Watannin baya ta sauke ƙwaryarta a bakin rumfa, da yaro a bayanta yana tari. Ta ciro wata takarda da kwalbar magani daga cikin zane. Ta ce a asibiti an yi mata bayani da sauri, mutane sun yi yawa, ta ji kunyar sake tambaya.

Ta buɗe takardar a kan teburin aikina, ta kawar da ɓawon katako da gefen hannu, ta ɗora yatsa a kan sunan yaron. "Wannan A ne," ta ce. "Wannan L. Ali ke nan, na gane shi." Ta gangaro da yatsan zuwa layin ƙasa, ta tsaya. "Daga nan ne ban kai ba. Duba mini, Baba, sau nawa aka ce a ba shi?"

Na sa tabarau na karanta mata: rabin cokali, sau uku a rana, bayan abinci, kwana biyar. Ta maimaita sau biyu tana ƙirgawa da yatsu. Ta zuba mini nono a kofi, na kawo kuɗi ta ƙi karɓa. Ta ɗora ƙwaryar a ka, ta ce idan ta manta za ta dawo in sake karanta mata.

Ranar Alhamis ta dawo da takardar.